Rigar dalma ko saitin inji: me ke kare majinyaci a ɗakin hoto?

Ɗalibar Hoto: Assalamu alaikum malamaina. Tambaya gare ni. A littattafan da muke karantawa an ce duk wanda za a ɗauka wa hoton eksire na ƙugu ko na ciki, musamman yaro, a rufe masa gaba da dalma. Yanzu kuma ina jin wai an daina. Wanne ne daidai? In an cire dalmar, da me za a kare shi daga radiyeshin?

Malam Mai Awo: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Littafin bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. A watan Afrilun 2019 ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka, AAPM, ta ba da shawarar a daina ɗora wa majinyaci dalma a matsayin abin yau da kullum. Cibiyar masana hoton asibiti ta Birtaniya, BIR, ta bi sahu a 2020, hukumar kare mutane daga radiyeshin ta Amurka, NCRP, kuma a farkon 2021.

Ki fara da wannan: idan gaban mutum yana wajen filin da aka haska, ɗan abin da ke isa gare shi daga cikin jiki yake zuwa. Hasken ya shiga nama, ya tarwatse, ya bi ta ciki. Dalmar da ke kan fata ba ta da yadda za ta tare shi. Idan kuma gaban yana cikin filin, to ana buƙatar ganin wurin ke nan, sai dalmar ta rufe ƙashin da likita ke nema, a dawo a sake ɗauka, mutum ya sha sau biyu. Ga 'ya mace abin ya fi wuya, domin ma'ajiyar ƙwai ba ta da mazauni guda da za a ce ga shi daga waje. Sau da yawa dalmar tana gefe, ita tana gefe.

Mafi muni shi ne dalma ta faɗa kan ma'aunin AEC, wanda ke yanke hasken da kansa idan farantin da ke karɓar hoton ya samu abin da ya ishe shi. Ma'aunin yana ƙarƙashin dalma, ba ya ganin komai, sai ya bar injin ya yi ta zuba har iyakar da aka sa masa.

Sannan nauyin da hukumar kare mutane daga radiyeshin ta duniya, ICRP, ke bai wa gaɓoɓin haihuwa a lissafin haɗari ya yi ta sauka: 0.25 a 1977, 0.20 a 1990, 0.08 a 2007. Tsoron da aka yi da farko na lahani ga zuriya ba a tabbatar da shi a ɗan Adam ba, har a 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bam na Hiroshima da Nagasaki.

Hajiya Rediyo: Malam, na yarda da hujjojin, amma kada ɗalibai su fita daga nan su ce an jefar da dalma. Abu biyu. Akwai ƙasashen da dokarsu har yanzu ta ce a rufe, kuma ma'aikaci dokar inda yake aiki zai bi har a canza ta. Na biyu, maganar majinyaci ake yi. Uwar da ta tsaya riƙe yaro, da ma'aikacin da ke tsaye a ɗakin tiyata ana haskawa, dole su sa riga mai kaurin da ya kai milimita 0.25 na dalma, gara ma 0.35 ko 0.5 ga wanda ke kusa da tebur. Su ba sa cikin filin, tarwatsin da ke fitowa daga jikin majinyaci ne ke samun su daga waje, kuma wannan riga tana tare shi sarai. Mai juna biyu ba ta riƙe yaro.

Malam Mai Awo: Gaskiyarki, Hajiya. Kuma wanda ya tsorata ya nace a rufe shi, in rufin ba zai shiga filin ba, a rufe shi hankalinsa ya kwanta. Ba ta cutar da shi a can. Kawai kada mu yaudari kanmu cewa mun kare shi.

Likitan Yara: Ni a ganina gardamar dalma an bar jaki ne ana dukan taiki. Hoton da bai kamata a ɗauka ba tun farko, kashi ɗari bisa ɗari na radiyeshin ɗinsa asara ne, komai kyan saiti. Kuma wannan laifinmu ne masu rubuta takarda. Ciwon baya da bai kai mako shida ba, babu zazzaɓi, babu rama, babu tarihin sankara, babu raunin ƙafa ko matsalar riƙe fitsari, hoto ba ya canza magani. Targaɗen idon sawu akwai ƙa'idar Ottawa tun 1992: in mutum zai iya taku huɗu kuma ba ya jin zafi in an danna ƙasusuwan da aka ayyana, ba ya buƙatar hoto. Yaro mai ciwon ciki da ake zargin afendiks, a fara da sikanin na sauti, wanda ba shi da radiyeshin ko kaɗan. Sannan a tambayi mutum ko an ɗauke shi a wani wuri kwanan nan. Hotuna da yawa ana maimaita su ne kawai don na farko yana wani asibitin.

Ga ma'auni don a san abin da ake magana a kai. Abin da ɗan Adam ke sha daga ƙasa da iska da sama, a matsakaicin lissafin duniya na 2008, milisibat 2.4 ne a shekara (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha). Hoton ƙirji guda daga baya kusan 0.02. Na ƙashin baya na ƙasa kusan 1.5. CT, wato hoton da inji ke zagaye jiki yana ɗauka, na kan mutum kusan 2, na ƙirji kusan 7, na ciki da ƙugu tsakanin 8 da 10. Wato CT ɗin ciki guda ya kai hoton ƙirji ɗari huɗu da wani abu.

Ɗalibar Hoto: Dakta, to akwai iyakar da majinyaci ba zai wuce ba a shekara? Na san mu ma'aikata milisibat 20 ne.

Likitan Yara: Babu. Ashirin ɗin ta ma'aikata ce, a matsakaicin shekara biyar, milisibat ɗaya kuma ta sauran jama'a. Majinyaci ba a sa masa iyaka domin shi ke cin amfanin hoton. Wanda mota ta buge, jini na zuba a cikinsa, ba za a hana shi CT don an yi masa biyu a bara ba. Abin da ake nema a kansa shi ne hoton ya cancanta, sannan a ɗauke shi da mafi ƙarancin abin da zai amsa tambayar likita.

Malam Mai Awo: Abin da ke kama da iyaka shi ne DRL, kuma shi ma ba iyaka ba ne, ma'aunin kwatance ne. Ana tattara matsakaicin abin da asibitoci ke bayarwa a irin hoto guda, a ɗauki lambar da kashi 75 cikin ɗari ke ƙasa da ita. Sashen da matsakaicinsa ya haura wannan lamba sai ya binciki dalili. Ba a auna mutum ɗaya da shi, domin mai ƙiba dole ya fi siriri sha.

Hajiya Rediyo: Bari in dawo da mu ɗakin ɗauka, don nan ɗalibar za ta yi aiki. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan zamani shi ne injin dijital yana ɓoye kuskure. A zamanin fim, in ka cika mAs, wato yawan hasken da inji ke fitarwa, hoto zai fito baƙi ƙirin, kowa ya gani, ka ji kunya. Faranti na dijital kuwa, ka ba shi ninki biyu ko uku na abin da yake buƙata, kwamfuta za ta gyara hasken, hoton ya fito tas, har ya fi kyau. In ka rage da yawa ne yake fitowa da yashi-yashi, likitan hoto ya dawo da shi. Ma'aikaci ya lura in ya rage ana yi masa faɗa, in ya ƙara ana yaba masa. To wanne zai zaɓa? Haka saitin sashe ke hawa sannu a hankali cikin shekaru, ba wanda ya yanke shawarar a ƙara.

Maganinsa yana kan allo. Ma'aunin IEC na 2008 ya kawo lambar EI, wadda ke nuna abin da ya isa faranti, da lambar DI wadda ke nuna nisanka da abin da aka nufa. DI sifiri, ka dace. In ta nuna +1 ka wuce da kusan kashi 26 cikin ɗari, +3 ninki biyu ka bayar, -3 rabi. Duk ɗauka a duba ta kafin majinyaci ya tashi. Kuma +3 ba dalilin sake ɗauka ba ne, hoton ya riga ya yi, a gyara na gaba.

Ɓoyo na biyu shi ne yanke hoto a kwamfuta. Mutum ya buɗe tagar kolimeta, wadda ke taƙaita faɗin hasken, ya haska jariri daga haɓa zuwa cinya, sannan ya datse gefuna a allo ya aika da ƙirji kawai. Likita ya ga hoto tsaf, jaririn kuwa ya sha a wuya da ciki. A lissafa: filin santimita 35 da 43 ya ninka na 18 da 24 kusan sau uku da rabi. Shi ya sa ya kamata gefunan kolimeta huɗu su fito a hoton da aka aika. Taƙaita fili kuma yana rage tarwatsi, hoton ma ya fi fitowa. Ban san wani mataki da ke rage radiyeshin ya kuma gyara hoto a lokaci guda kamar wannan ba.

Injiniya: Hajiya, da sharaɗin fitilar kolimeta tana faɗin gaskiya. Akwai madubi a ciki da ke sa hasken fitila ya bi hanyar eksire. In kan injin ya bugu ko aka canza kwan fitila ba a daidaita ba, inda fitila ke nunawa daban, inda eksire ke sauka daban. Ma'aikaci ya taƙaita da kyau amma gefen huhu ya yanke, ya sake ɗauka, daga nan ya koyi buɗe taga sosai don gudun haka. Gwajin ba shi da wuya: a sa faranti a nisan santimita 100, a jera sulalla a gefunan filin fitila, ɗaya ciki ɗaya waje a kowane gefe, a ɗauka. Kaucewar kada ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nisan, wato santimita 2.

A duba tacewa kuma. Injin da ke aiki sama da 70 kVp (ma'aunin ƙarfin hasken) yana buƙatar abin da ya kai milimita 2.5 na alminiyam gaba ɗaya. Aikinsa tare raunanan haske waɗanda ba za su taɓa ratsa jiki su isa faranti ba, a fata kawai za su ƙare. Bayan gyara ana iya manta mayar da farantin tacewar, kuma ba za a gane a hoto ba, sai an auna. Ga yara ana ƙara jan ƙarfe milimita 0.1 zuwa 0.2.

Malam Mai Awo: Tunda Injiniya ya taɓo ƙarfin haske, ga ƙa'idar kashi 15. In ka ƙara kVp da kashi 15 cikin ɗari, kana iya raba mAs biyu, abin da ke isa faranti bai canza ba. Daga 70 kVp da 20 mAs ka koma 80 da 10, abin da ke shiga fata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ƙirjin babba ake ɗauka a 110 zuwa 125 kVp daga nisan santimita 180.

Likitan Hoto: Allah ya gafarta Malam, a nan zan ja birki. Kowa yana cewa a rage, a rage, mu ne muke zaune gaban hoton. In kVp ya hau da yawa bambancin fari da baƙi yana raguwa, siririn tsagewar ƙashi a wuyan hannu ya ɓace. Hoton da ba a iya karantawa, ko wanda ya sa aka sallami mai karaya, ya fi wanda aka ɗan cika illa nesa ba kusa ba. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Ƙa'idar ba ta ce mafi ƙaranci kawai ba, ta ce mafi ƙarancin da hankali zai ɗauka.

Malam Mai Awo: Ban musa ba, Dakta. Shi ya sa jadawalin saiti ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba. A sauko mataki-mataki, ku masu karantawa ku ce nan ne iyaka. Kuma iyakar ta danganta da tambayar: hoton duba inda bututun ciyarwa ya tsaya ba ya buƙatar kyan da ake nema wajen farautar ƙaramin ƙari.

Hajiya Rediyo: Ga yara akwai girid. Shi kamar rariya yake, yana tare tarwatsi, amma yana cin hasken kirki ma, sai an ninka mAs sau uku zuwa biyar. Gaɓar da kaurinta bai kai santimita 10 zuwa 12 ba tarwatsinta kaɗan ne, girid ba ya ƙara komai sai radiyeshin. Jariri a ɗauke shi kan faranti kai tsaye, wajen 60 zuwa 65 kVp, da gajeren lokaci don kada motsi ya ɓata. AEC ma a kashe, domin jikinsa bai rufe ma'aunin ba. A yi aiki da jadawalin nauyi ko kauri. Haka babba mai ƙarfe a kwatangwalo: in ƙarfen ya hau ma'aunin tsakiya, abin da Malam ya faɗa game da dalma ne zai faru, sai a zaɓi na gefe ko a saita da hannu. Yarinyar da ake bin lanƙwasar ƙashin bayanta shekara da shekaru, a riƙa haska ta daga baya, nono ya koma ɓangaren fita inda hasken ya riga ya yi rauni.

A riƙa ƙirga hotunan da aka jefar kuma. In sun haura kashi 10 cikin ɗari a zauna a duba. A dijital mafi yawansu kuskuren kwanciya ne, ba na saiti ba, kuma goge hoto ba shi da wuya, shi ya sa ba a ganin su sai an hana gogewar.

Likitan Yara: Dalilin da muke matsawa kan yara: ƙwayoyin jikinsu suna rabuwa da sauri, kuma suna da shekaru a gaba da sankara za ta iya bayyana. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 kan yaran Birtaniya ya nuna cewa tarin miligire 50 (ma'aunin abin da gaɓa ta sha) a ɓargo na iya ninka haɗarin sankarar jini kusan sau uku, 60 a ƙwaƙwalwa kuma haka ga fitowar ƙari a ƙwaƙwalwa. Amma a faɗa wa iyaye ɗaya rabin: cututtukan ba su da yawa tun asali, lissafin ya kama kusan ƙarin mutum ɗaya na kowace cuta a cikin CT ɗin kai dubu goma da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara goma, a shekaru goman da suka biyo baya. Yaron da ya faɗo yana amai yana suma, a yi masa.

Likitan Hoto: A CT wurin ɓarna uku ne da nake yawan gani a takardun saiti. Zagaye da yawa: kafin allurar ruwan hoto, lokacin jijiya, bayan nan, duk a kan cikin mutum ɗaya alhali zagaye guda zai amsa tambayar. Tsawon da ya wuce buƙata, a ce ƙirji a gangara har ƙugu. Sai saitin manya a kan yaro. Kowane inji yana fitar da CTDI da DLP a ƙarshe, lambobin da ke nuna yawan radiyeshin da ya bayar. Don kimantawa, a ninka DLP na ciki da 0.015, na ƙirji da 0.014, na kai da 0.0021. DLP 600 a ciki milisibat 9 ke nan, zagaye uku 27.

Injiniya: A ƙara da tsayin tebur. Injin yana kimanta girman mutum ne daga hoton share fage. In majinyaci ya fi kusa da kwan eksire sai ya fito ya fi girmansa, injin ya ƙara yawan hasken (mA) a banza. A daidaita shi a tsakiyar rami da fitilar gefe, ba da ido ba. Kuma duk wanda ya taɓa saitin da aka adana a rubuta sunansa da ranar. A 2009 an gano a wani babban asibiti a birnin Los Angeles cewa mutum 206 sun sha kusan ninki takwas a CT ɗin jinin ƙwaƙwalwa, tsawon wata goma sha takwas, bayan an canza saiti. Lambar tana fitowa a allo duk wannan lokaci. Zubewar gashin majinyata ce ta tona.

Ɗalibar Hoto: Subhanallahi. Ashe har gashi yana zuba? Na ɗauka sankara ce kawai abin tsoro.

Malam Mai Awo: Illar iri biyu ce. Sankara ta sa'a ce, ana ɗauka ba ta da ƙofa, wato babu adadin da ƙasa da shi ba za ta faru ba, yawan sha yawan yiwuwa. Ƙunar fata da zubar gashi kuwa suna da ƙofa: jan fata daga kusan gire 2 (gire ɗaya miligire dubu ne), zubar gashi na ɗan lokaci daga 3, na dindindin wajen 7. Hoto na yau da kullum ba ya kusantar nan ko kaɗan. Inda ake kaiwa shi ne haskawa mai motsi da ake yi a aikin jijiyoyin zuciya da makamantansu. A can, faranti ya matso jikin majinyaci iya matsowa, kwan eksire ya yi nisa da fata. A sauko daga hoto 30 a daƙiƙa zuwa 15 ko 7.5. A cire ƙafa daga feda a yi shawara kan hoton ƙarshe da ya tsaya a allo. A rage zuƙowa, a riƙa sauya kusurwa don kada fata guda ta sha duka, a janye hannun majinyaci daga filin gefe. In lambar injin ta haura gire 5 a rubuta a fayil, a gaya masa ya duba bayansa, a kira shi bayan mako biyu zuwa huɗu, domin ƙunar ba ta fitowa ranar. In ba a gaya masa ba, zai kai wa likitan fata, a yi ta maganin abin da ba a san asalinsa ba.

Hajiya Rediyo: Saura juna biyu. Duk macen da ta isa haihuwa, in filin zai taɓa ciki ko ƙugu, a tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe, a keɓe, ba a gaban 'yan rakiya ba. In ta wuce lokaci a tsaya a koma ga likita. Hoton ƙirji, kai, hannu ko ƙafa ana yi ko da ciki, da taƙaita fili. In kuma an riga an ɗauka kafin a sani, kada kowa ya firgita ta. ICRP ta ce abin da bai kai miligire 100 ga ɗan tayi ba bai zama hujjar zubar da ciki ba, kuma CT ɗin ƙugu guda ma ba ya kaiwa nan a bisa al'ada. A ba masanin fiziks bayanan ɗaukar ya lissafa.

Ɗalibar Hoto: Na gode ƙwarai, malamaina. Abu ɗaya ya rage mini, Hajiya. In DI tana nuna sifiri kullum, na tabbata ke nan ban cika ba?

Hajiya Rediyo: A'a. DI faranti take aunawa, ba majinyaci ba. Ki sa girid a kan jariri ki ninka mAs sau huɗu, za ta nuna miki sifiri. Ki buɗe taga har ƙarshe, haka.

Injiniya: Kuma sifirin daga lambar da aka sa mata a matsayin manufa yake fitowa. In an bar wadda kamfani ya zo da ita, ko aka sa lamba ɗaya ga ƙirji da gwiwa da ƙashin baya, sifirin ba ya nufin komai. Ki tambayi wanda ya saita manufar kowace gaɓa a injin da za ki yi aiki da shi, da yaushe. Sannan ki haɗa da lambar DAP, wato yawan hasken a ninka da faɗin fili, in injin yana da ma'auninta a bakin kolimeta, don ita tana hawa in fili ya faɗaɗa.